Filash ɗaya, Windows kala-kala: a sakar masa komai ko a riƙe linzami?

Abu Hafsa (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Wani ofishin jigilar alhazai ya kawo mana laftof 26 a shagon da nake aiki nan titin Khalid bin Walid, suna so a wanke su a sake ɗora musu Windows kafin aikin Hajji ya kankama. Ba iri ɗaya ba ne. Wasu Pro, wasu Home, wasu kuma mai harshe ɗayan nan, Home Single Language. Wasu ma'aikatan Larabci suke so, wasu Turanci. Yanzu haka filash huɗu ne a aljihun rigata, kowanne na manna masa takarda na rubuta abin da ke ciki, kuma kowace na'ura sai na zauna a gabanta ina amsa tambayoyi: wace ƙasa, wane kibod, wane suna. Jiya daga la'asar har aka rufe shago guda shida kawai na gama.

Abin da nake so shi ne filash ɗaya ko faifai ɗaya. In soka, in kunna, in tafi masallaci, in dawo in tarar ta zaɓi nau'in da ya dace, ta goge rumbu, ta gama komai. Na samo wani autounattend.xml, fayil ɗin amsoshi da ke amsa tambayoyin nan da kansa, a intanet na gwada a kan guda biyu, sai ya ɗora musu Pro alhali lasisinsu na Home ne, yanzu sun ƙi karɓar lasisi. Ina na kuskure?

Injiniya (Riyad): Wa alaikumus salam. Abu Hafsa, filash huɗun nan tun farko ba ka buƙatarsu. Buɗe ISO ɗin da ka sauke daga Microsoft, wato kwafin faifan Windows a fayil ɗaya, shiga folda sources, za ka ga wani ƙaton fayil install.wim. Duk nau'o'in suna cikinsa, kowanne da lambarsa. Rubuta wannan ka gani da idonka:

dism /Get-WimInfo /WimFile:D:\sources\install.wim

A na Turanci za ka ga Home lamba 1, Home Single Language lamba 3, Education 4, Pro 6. Dalilin da ya sa suka shiga fayil ɗaya ba tare da ya kumbura ba shi ne, tsarin WIM sau ɗaya yake ajiye kowane fayil, ko nau'i nawa ne ke amfani da shi. Home da Pro kusan kayansu ɗaya, lasisi ne ya raba su.

Fayil ɗin da ka samo kuwa, na tabbata akwai ɗayan biyu a ciki: ko an rubuta /IMAGE/INDEX da lamba 6, ko an sa mabuɗin lasisin Pro a wurin ProductKey. Ko wanne ka bari, ka riga ka yanke wa na'urar hukunci kafin ta buɗe baki.

Abu Hafsa (Jidda): Wallahi haka ne Injiniya, na duba yanzu, 6 ne a wurin. To in na cire shi fa?

Injiniya (Riyad): In ka cire, kuma ba ka sa mabuɗi ba, sai mai ɗorawar ya leƙa cikin madabod, babban allon da ke cikin na'urar. Tun zamanin Windows 8, a 2012, kamfanonin laftof suka daina manna takardar lasisi a gindin na'ura, suka koma binne mabuɗin a cikin BIOS, manhajar madabod da ke tayar da na'ura. In ya tarar da shi, zai zaɓi nau'in da ya dace da shi ba tare da ya tambaye ka ba. In babu, sai ya jero maka su ka zaɓa. Ka ga rabin abin da kake nema an riga an yi maka shi, fayil ɗin da ka samo ne ya toshe hanyar.

Ɗan Auta (Jidda): Yaya Abu Hafsa ka huta da wannan wahalar, ka sa manhajar Ventoy kawai. Ka shirya filash sau ɗaya, ka riƙa jefa ISO a ciki kamar kana kwafar hotuna. Na Larabci, na Turanci, 10, 11, har Ubuntu. In ta tashi sai ta nuna maka jeri. Nawa giga 64 ne, komai na ciki.

Kawu (Makka): Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abu Hafsa, ɗana, akwai kalma ɗaya a cikin tambayarka da ta tsaya mini a rai, ita ce "ta goge rumbu". Bari in ba ka labari, ko da zai yi tsawo.

Na fara wannan aiki tun zamanin XP, lokacin da fayil ɗin amsoshi sunansa winnt.sif, kuma Home da faifansa, Professional da nasa. Muna da jaka mai aljihuna cike da faya-fayai. Da Vista ta zo da WIM, sannan Windows 7 a 2009, sai muka gano cewa in ka cire ɗan ƙaramin fayil ɗin nan ei.cfg, mai ƙayyade nau'in da faifan zai ɗora, daga folda sources ka sake ƙona faifan, zai jero maka daga Starter har Ultimate. Ranar da na fara ganin haka na yi murna ƙwarai. Daga nan na zarce, na haɗa faifai mai yin komai da kansa, har da WillWipeDisk, umarnin goge rumbu, na kuma cire masa tambayar nan ta "danna kowane maɓalli" da ake yi kafin faifai ya tashi. Na yi shekara biyu ina aiki da shi lafiya.

Wata rana wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya zo Umra daga Madina, ya biyo da laftof ɗinsa, fankar ce take ƙara. Fanka kawai. Na gyara, na ce bari in gwada ko mazubin faifansa na aiki tunda ya ce yana yi masa gardama, na miƙa hannu na ɗauki faifan da ya fi kusa da ni na saka. Aka kira sallar magariba, na kunna na fita. Na'urar tasa an saita ta ta fara tashi daga faifai. Da na dawo na tarar da shuɗin allo yana ƙirga kashi sittin da wani abu. Kundin digirinsa na biyu yana ciki, aikin shekara biyu da rabi, da hotunan rubuce-rubucen hannu da ya bi ɗakunan karatu ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya. Da na gaya masa bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan kujerar roba da ke bakin ƙofa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta maimaita innalillahi. Kwana uku na yi ina tono da manhajojin dawo da fayil. Babi biyu muka samu cikakku, na uku rabinsa ya dagule, sauran sabuwar Windows ta riga ta hau kansu. Allah ya taimaka akwai tsohon kwafi a wurin malaminsa, amma na wata bakwai baya ne.

A daren na karya faifan nan da hannuna. Tun daga ranar, duk fayil ɗin amsoshin da zan rubuta, babu sashen DiskConfiguration, mai gogewa da yanka rumbu, a cikinsa. Ya amsa harshe, ya amsa agogo, ya amsa kibod, ya buɗe akawun, duk na yarda. Amma in an zo kan rumbu, ya tsaya ya jira ni. Abin da ke cikin na'urar mutum amana ce aka ba ka, ko bai faɗa ba.

Ummu Yasir (Madina): Innalillahi. Kawu, Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan, ba kowa ne zai faɗa ba.

Injiniya (Riyad): Allah ya ƙara girma Kawu. Labarin ya taɓa ni, amma ina da ja a kan hukuncin, a yi mini afuwa. A kamfanin da nake aiki, in aka kawo sababbin na'urori hamsin iri ɗaya daga kwali, ba mai zama ya danna "goge" sau hamsin. Ba komai a cikinsu da za a yi asara. Abin da ya faru da kai ba laifin sarrafa kai ba ne, faifai mai haɗari ne ya zauna a tebur ɗaya da na yau da kullum. Maganinsa a raba su. Kuma Abu Hafsa ya ce ofishin da kansu suka ce a wanke.

Kawu (Makka): Injiniya, kai kana aiki inda na'ura ke zuwa daga kwali. Shi yana aiki inda na'ura ke zuwa daga hannun mutane. Manajan ofis ya ce a wanke, na ji. Shin manajan ya san abin da akawunsa ya ajiye a ɓangaren D? Ya san ko akwai hotunan fasfo na alhazan bara da ba su da kwafi a ko'ina? Sau nawa mai kaya ya ce mini "ba komai a ciki", in buɗe in nuna masa, ya dafe kai.

Sannan ko ta fuskar aiki, kai ka fi ni sani: fayil ɗin cewa yake a goge Disk 0, rumbu mai lamba 0. Wa ya ba ka tabbacin wane ne 0? Laftof mai rumbu biyu, ƙaramin SSD na Windows da babba na ajiya, ba kullum ƙaramin ne ke zama 0 ba. Ga kuma tsofaffi masu BIOS da ke son MBR, da sababbi masu UEFI da ke son GPT da ɓangaren EFI da na MSR. Tsarin yanka rumbu ɗaya ba zai yi wa duka biyun ba. Shi kuma ya ce nasa 26 ɗin gauraye ne.

Injiniya (Riyad): Maganar Disk 0 gaskiya ce, ban musa ba. A kan gaurayen na'urori na sallama. Amma ina nan a kan bakana cewa in iri ɗaya ne kuma sababbi, a bar shi ya yi duka. Ɗan Auta ya kawo Ventoy, to a cikinsa ma akwai hanyar da ta haɗa mu: a fayil ɗin ventoy.json akwai sashen auto_install, inda za ka ba ISO ɗaya fayilolin amsoshi fiye da ɗaya. In ka zaɓi ISO ɗin sai ya tambaye ka da wanne za a yi. Ka sa wa ɗaya suna "tsaya a rumbu", ɗayan "goge duka".

Kawu (Makka): Su zauna a jeri ɗaya, layi na sama da na ƙasa, a hannun yaron da ya yini a tsaye tun safe? Ni dai ba zan sa ba. In dole sai an yi mai gogewa, a yi masa filash nasa daban, a naɗa masa jan salatif, a kulle a durowa.

Ummu Yasir (Madina): Ku ba ni dama in koma kan mai harshe ɗayan nan, don ina ganin nan ne Abu Hafsa zai fi shan wuya, kuma ya shafi mutanenmu sosai. Ni nake kula da kwamfutocin wata makarantar haddar mata a nan, kuma duk shekara bayan Hajji sai an kawo mini irin wannan. Hajiya ta sayi laftof a kasuwa za ta kai wa ɗanta tsaraba Kano ko Zindar, a buɗe a ga komai da Larabci, daga dama zuwa hagu. A shiga saiti a sauya harshe, ya ƙi. Home Single Language haka aka yi shi, harshen da aka ɗora shi da shi, a nan zai zauna. Sai wani ya ce mata sai an sa Pro, a karɓi kuɗinta, a sa mata wanda ba shi da lasisin gaskiya, bayan an zubar da halastaccen da ta riga ta biya a cikin kuɗin na'urar.

Alhali mabuɗin da ke cikin madabod bai damu da harshe ba, nau'i ya sani. Ka ɗauko ISO na Turanci, ka ɗora Home Single Language ɗin dai, ka haɗa da intanet, zai karɓi lasisinsa. Na yi wannan ya fi a ƙirga.

Kuma Abu Hafsa, tunda za ka rubuta fayil ɗin amsoshi, don Allah ka sa kibod ɗin Hausa. Windows na da shi, mutane ne ba su sani ba. A wurin InputLocale:

0409:00000409;0401:00000401;0468:00000468

Na farko Turanci, na biyu Larabci, na uku Hausa. Ma'aikatan ofishin alhazai suna rubuta wa mutanenmu sanarwa, su riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ. Yana yi mini ciwo in ga an rubuta "kasa" ana nufin ƙasa a takardar da za a raba wa dattawa.

Abu Hafsa (Jidda): Malama, wannan na kibod ban taɓa sani ba, shekara shida ina wannan aiki. Na gode ƙwarai. To ta yaya zan san nau'in da ke binne a madabod kafin in fara? Biyun da na ɓata jiya ba na so su zama uku.

Ummu Yasir (Madina): Kafin ka taɓa komai, in na'urar tana tashi, buɗe PowerShell:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKeyDescription

In ka ga Core, Home ke nan. CoreSingleLanguage, mai harshe ɗaya. Professional, Pro. In bai nuna komai ba, babu mabuɗi a ciki. Amma ka duba shafin Activation ma, don akwai wadda aka saya da Home daga baya ofis ya biya aka ɗaga ta zuwa Pro. Irin wannan in ka bar mai ɗorawa ya bi madabod, Home zai mayar da ita. Ni takarda nake mannawa a murfin kowacce in rubuta nau'i da harshe kafin in soma.

Injiniya (Riyad): Wannan da Malama ta faɗa shi ne amfanin ei.cfg a yau. Da cire shi ake yi, yanzu ƙara shi ake yi. Ka buɗe Notepad ka rubuta layi biyu, [Channel] a sama, Retail a ƙasa, ka ajiye shi da sunan ei.cfg a folda sources. Zai daina bin madabod, ya riƙa jero maka duka kana zaɓa. Sai ka zaɓi ɗaya: ko ka bar na'ura ta zaɓa ta yi kuskure a kan waɗanda aka ɗaga, ko ka zaɓa da kanka kana duba takardar Malama. Da na'urori 26 gauraye, ni ma na biyun zan bi.

Ga sauran abin da zai cinye maka lokaci in ba ka sani ba. Harshen da ka rubuta a UILanguage dole ya kasance yana cikin ISO ɗin, ba za ka rubuta ar-SA a kan na Turanci ka sa ran Larabci ba. Don haka fayil biyu za ka yi, ɗaya ar-SA ɗaya en-US, kowanne da ISO ɗinsa. Agogo ka sa Arab Standard Time, shi ne na Riyad da Kuwait. Kada ka ruɗe da Arabian Standard Time, wannan na Abu Dhabi ne, awa ɗaya yake gaba da mu. Na taɓa ganin ofis guda agogonsu ya tsere da awa ɗaya saboda haruffa ukun nan. Kalmar sirrin da za ka sa a fayil ɗin kuma ba a kulle take ba, ko ka ga ta koma wasu haruffa barkatai, base64 ne kawai, kowa zai iya warwarewa. Kada ka sa ta gaske.

Ɗan Auta (Jidda): Injiniya, me zai hana a haɗa na Larabci da na Turanci a install.wim ɗaya da Export-Image? Na ga ana yi.

Injiniya (Riyad): Ana yi, dism /Export-Image, kana ba kowanne suna daban da /DestinationName. Amma ka sani lambobin za su sauya, wanda ka fara fitarwa shi ne 1, don haka in za ka kira nau'i a fayil ɗin amsoshi ka kira shi da /IMAGE/NAME. Sannan fayil ɗin zai ƙara nauyi. Filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai giga 4, kuma install.wim na yanzu ya riga ya wuce nan, sai ka tsaga shi da /Split-Image zuwa install.swm da install2.swm. Faifan DVD na giga 4.7 kuwa an wuce wurin, ISO na Windows 11 ya haura giga 5, sai mai hawa biyu na 8.5, kuma laftof nawa ne yanzu ke da mazubin faifai? Ga mai na'ura 26 da mako ɗaya a hannu, shawararka ta farko ta fi: ISO biyu a Ventoy, ba a taɓa cikinsu ba. Sai dai ei.cfg, shi dole ka buɗe ISO ka saka, ko ka yi filash ɗin da manhajar Rufus ka jefa shi ciki. In Secure Boot, tsaron tashin na'ura, a kunne yake, Ventoy zai nemi ka yi rajistar mabuɗinsa a karon farko a kowace na'ura.

Abu Hafsa (Jidda): Akwai guda biyar a ciki tsofaffi ne, Core i5 ƙarni na shida. Windows 11 ta ƙi su. Abokin aikina ya ce a tsallake binciken TPM ɗin, guntun tsaron da Windows 11 ke nema, a fayil ɗin amsoshi, kalas.

Kawu (Makka): Ana iya tsallakewa, kowa ya sani. Amma kada ka yi a ɓoye. Windows 11 tana neman TPM 2.0, kuma a Intel daga ƙarni na takwas take farawa, in ban da 'yan kaɗan. Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'urorin nan bayanan fasfo da bizar mutane za su riƙe. Ka kira manajan ka gaya masa yadda abin yake: biyar ɗin nan ko a sauya su, ko a ɗora musu 11 ba bisa sharaɗin masu ita ba, kuma ba a yi alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa musu ba. Shi ya zaɓa, ya rubuto maka a saƙo. Kuma kada wannan tsallaken ya shiga fayil ɗin da za ka yi wa sauran 21 aiki da shi.

Ummu Yasir (Madina): Ka fara gwada fayil ɗin a VirtualBox, manhajar da ke yin kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, kafin ya taɓa na'urar kowa. Harafi ɗaya in ya karkace a XML, sai an kai tsakiyar aiki zai tsaya maka.

Abu Hafsa (Jidda): Jama'a barkanmu da Asabar, ga yadda aka kwana. Na yi filash biyu a ƙarshe, ba ɗaya ba, na Larabci da na Turanci, da Rufus, kowanne da ei.cfg da autounattend.xml nasa. Babu DiskConfiguration, babu lambar nau'i. Tambaya biyu kawai yake yi mini, wane nau'i, wane rumbu, sauran duk shi yake yi. Ina jera huɗu a tebur, kafin in gama da ta huɗu ta farko ta yi nisa. Ranar Alhamis na gama 14. Biyun da na ɓata na sake musu Home, sun karɓi lasisinsu.

Kawu, na bi maganarka na buɗe kowacce kafin in goge. A ta tara na tarar da folda a ɓangaren D, takardun kwangilar masaukai ne na Makka da Madina na shekara uku. Na kira manajan, ya yi shiru, sannan ya ce kada in taɓa, ga shi nan zuwa. Da kansa ya zo da rumbun waje ya kwashe. Tsofaffin biyar ɗin ya ce a ajiye su tukuna sai ya yi magana da mai ofishin.

Saura guda biyu da suka tsaya mini. Sababbi ne, Core i5 ƙarni na 11, in an zo wurin zaɓar rumbu sai allon ya fito fayau, ba ya ganin komai, alhali BIOS na ganin SSD ɗin.

Injiniya (Riyad): Direban Intel RST ne, na VMD, babu a filash ɗin, shi ya sa ba ya ganin rumbun. Sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin, ka warware shi har ka ga fayilolin .inf, ka buɗe folda a saman filash ɗin mai suna $WinPEDriver$ ka zuba su ciki. Zai ɗauka da kansa. In kana sauri, danna Load driver a wannan allon ka nuna masa foldar.

Kawu (Makka): In rumbun ya bayyana, su ma ka leƙa cikinsu tukuna. Waɗannan biyun ba ka ce ka buɗe su ba.

Abu Hafsa (Jidda): Ban buɗe ba Kawu, ɗaya ba ta tashi ne shi ya sa. Zan ciro SSD ɗin in sa a akwatin USB in duba bayan la'asar, in sha Allah.